Amurka ma da rarrafe ta fara



Duk fadar da ka zauna kwanakin nan, daga Yamai har Damagaram, in dai an ɗora shayi an taɓo siyasa, magana biyu za ka ji. Wani ya ce dimokuraɗiyya rigar Nasara ce, daidai jikinsu aka ɗinka ta, mu ba ta shige mu, a aje ta kawai. Wani ya ce a'a, mu ne dai ba mu iya ba, ku dubi Amurka, shekara sama da 200 shugaba na sauka wani na hawa, soja na bariki. Za su yi ta musu har shayi na ukku ya huce, alhali abu guda suka yarda da shi ba su lura ba: wai ita Amurka da haƙoranta aka haife ta.

A ganina dukansu sun yi kuskure, kuma kuskuren na da tsada. Na farko yana sa mu saki abin da ya kamata mu riƙe, na biyu yana sa mu raina kanmu. In muka koma shekaru 60 na farkon Amurka, daga 1783 zuwa wajen 1840, za mu tarar da hafsoshin soja da ba a biya ba suna shirin bore, da ƴan jarida a kurkuku, da zaɓen da ya kusa jawo yaƙi, da rabon muƙamai ga ƴan jam'iyya, da shugaban da ya yi kunnen uwar shegu da hukuncin kotu. Ban kawo wannan don in wanke kowa a nan gida ba. Na kawo shi don mu ga yadda mulki ya fita daga hannun manya ƴan kaɗan, wa ya tura ƙofar, kuma wa aka bari a waje.

MULKIN MANYA

Mu fara daga 1787. Shekara huɗu ke nan da gama yaƙi da Ingila, baitulmali ba kuɗi, gwamnatin tarayya ko haraji ba ta da ikon ɗorawa. A jihar Masacuset manoman da bashi ya ci, da yawansu tsofaffin sojan yaƙin ƴanci, suka bi wani tsohon kaftin mai suna Daniel Shays, suka rufe kotuna don kar a ƙwace musu gonaki. An murƙushe su, amma masu dukiya sun tsorata. Cikin wannan tsoro ne wakilai 55 suka taru a Filadelfiya, suka rufe ƙofofi da tagogi, suka yi alkawarin ba mai fitar da abin da ake faɗa. Lauyoyi ne, da manyan ƴan kasuwa, da masu manyan gonaki, kusan rabinsu kuma masu bayi. Ba mace a ciki, ba baƙar fata, ba ɗan asalin ƙasar, ba ko ɗaya daga manoman nan da bashi ya ci.

A bakin da yawa daga cikinsu, kalmar dimokuraɗiyya kusan zagi ce, ma'anarta mulkin ƴan hayaniya. Shi ya sa suka yi wa muryar jama'a shinge bayan shinge. Majalisar wakilai kaɗai jama'a ke zaɓa kai tsaye. Sanatoci, majalisun jihohi ke naɗa su, kuma haka aka ci gaba har 1913. Shugaban ƙasa kuwa wasu zaɓaɓɓun wakilai ne ke fitar da shi, kusan kamar masu zaɓen sarki a masarautunmu, kuma a jihohi da dama su waɗannan wakilan ma depitocin jiha ne ke tsayar da su. Wa ke da ƙuri'a? A yawancin jihohi sai namijin da ya mallaki fili ko yake biyan haraji.

Ga abin da ya fi muni. Ƙidayar 1790 ta nuna mutum kusan miliyan 4, cikinsu bayi kusan 700,000. Kundin tsarin mulki ya ce wajen rabon kujerun majalisa a lissafa bayi biyar a matsayin mutum ukku. Wato bawa ba ya jefa ƙuri'a, amma kansa yana ƙara wa ubangidansa kujeru.

A wancan lokacin ma yadda ake neman shugabanci daban ne. Babban mutum ba ya yawon roƙon ƙuri'a, abin kunya ne. Zama yake gida, abokai su yi masa magana, shi kuma ya nuna kamar dole aka yi masa. Amma kar ku ɗauka ba a jiƙa maƙoshi. Shi kansa Joj Washinton, da ya nemi kujerar majalisar Bajiniya a 1755 ya sha kaye. A 1758 mutanensa suka shayar da masu zaɓe giya son ransu, ya ci. Sabulu da atamfa na ranar zaɓe ba mu muka fara ba.

Su kuma haƙƙoƙin nan da ake yabon Amurka da su, ƴancin magana, ƴancin jarida, ƴancin addini, ƴancin taro, babu su a takardar Filadelfiya. Masu adawa da kundin ne suka kafe sai an rubuta su. Jems Madison, wanda da farko bai ga amfaninsu ba, shi ya tsara su, suka shiga kundi a 1791. Ku riƙe wannan: mafi kyawun sashen kundin Amurka, ƴan adawa ne suka jawo shi.

SOJAN DA YA MAYAR DA TAKOBI

A watan Maris na 1783, a sansanin Newburgh, hafsoshi sun gaji. An daɗe ba a biya su ba, fanshon da aka yi musu alkawari ba alamarsa. Takardu marasa sa hannu suka fara yawo, ana zuga su su tursasa majalisa da bakin bindiga. Washinton, babban kwamandansu, ya shigo taronsu ba zato. Ya yi musu jawabi, fuskoki ba su saki ba. Sai ya ɗauko wata wasiƙa zai karanta, idonsa ya kasa, ya zaro tabarau, ya ba su haƙuri cewa furfura da raunin ido duk a bautar ƙasa ya same su. Wasu hafsoshin suka yi hawaye, maganar bore ta mutu nan take. Ranar 23 ga Disamba na wannan shekara ya je gaban majalisa a Annapolis, ya miƙa takardar muƙaminsa, ya koma gonarsa.

Da aka zaɓe shi shugaba a 1789, majalisar dattawa ta ɓata kwanaki tana neman laƙabin da za a ba shi, har wani kwamiti ya kawo shawarar a riƙa ce masa Mai Martaba. Majalisar wakilai ta ƙi, aka tsaya kan "shugaba" kawai. Bayan wa'adi biyu, a 1796, ya sanar ba zai sake tsayawa ba, alhali ba dokar da ta hana shi. Sai a 1951 aka rubuta iyakar wa'adi biyu cikin kundi.

Kar mu mai da shi waliyyi. Mai bayi ne har ya mutu, kuma cikin dalilan saukarsa har da gajiya da zagin jaridu. Amma abin da ya yi ya zama al'ada, al'adar ta zama abin kunya ga mai son karya ta, kunyar ta riƙe shugabanni shekara kusan 150.

Mu nan a rubuce muke da ita cikin kundin 1999, duk da haka muka ga tazarce a 2009. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce ba ya halatta. Aka rushe majalisa, aka rushe kotun, aka yi zaɓen raba gardama, watanni kaɗan bayan haka soja suka shigo. Takarda ita kaɗai ba ta tsayar da mai mulki. Amma duk mai cewa ba mu da masu tsayawa kan doka, ya tuna da alƙalan nan, da ƴan ƙwadago da ƴan farar hula da suka cika tituna a lokacin.

WA YA AIKE KU?

Wannan sashen namu ne, mu ƴan farar hula. Su waɗanda suka rubuta kundin ba su so jam'iyyu ba sam, a wajensu jam'iyya fitina ce. Amma ba a je ko'ina ba gwamnatin Washinton ta rabe biyu: ɓangaren Aleksanda Hamilton, ministan kuɗi, mai son gwamnati mai ƙarfi da bankin ƙasa da shiri da Ingila, da ɓangaren Tomas Jefason, ministan harkokin waje, mai kare ikon jihohi da manoma, mai jingina da Faransa. Kowane ɓangare ya samu jaridarsa, zagi kuwa ba a magana. Dokar gidan waya ta 1792 ta sa aika jarida ya yi arha, sai muhawarar birni ta isa ƙauye.

A 1793 da 1794 masu sana'ar hannu, da ƙananan ƴan kasuwa, da malaman lakwal, da likitoci suka fara kafa ƙungiyoyi a garuruwa, suna zama suna tattauna ayyukan gwamnati, suna fitar da sanarwa. Da manoman yammacin Fensilbaniya suka yi bore kan harajin barasa a 1794, Washinton ya tara dakaru kusan 13,000 ya kwantar da shi, sannan a gaban majalisa ya ɗora laifin kan ƙungiyoyin, ya kira su ƙungiyoyin da suka naɗa kansu. Ma'ana: wa ya zaɓe ku? Wa ya aike ku? A tunanin manyan lokacin, aikin talaka ya jefa ƙuri'a ya koma gida ya yi shiru har wani zaɓe. Yawancin ƙungiyoyin sun mutu bayan wannan suka. Amma tambayar da suka tayar ba ta mutu ba: shin ɗan ƙasa na da ikon sa ido kan gwamnati tsakanin zaɓe da zaɓe?

A 1798, zamanin shugaba na biyu Jon Adams, ana fargabar yaƙi da Faransa. Da sunan tsaron ƙasa jam'iyya mai mulki ta kafa dokar da ta haramta rubutun ɓatanci ga shugaba da gwamnati da majalisa. Editocin adawa aka bi da ita. Wani depite daga jihar Vermont, Matthew Lyon, aka yanke masa wata huɗu a kurkuku da tarar dala 1,000 saboda ya soki Adams. Mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa yana cikin kurkukun. Jaridun adawa maimakon su ragu sai suka ƙaru, dokar kuma ta zama ɗaya daga abubuwan da suka kayar da masu ita.

ZAƁEN 1800

Nan ne aka yi gwajin gaske. Adams ya samu ƙuri'un wakilai 65, Jefason 73. Sai dai tsarin zaɓen na da ɓaraka: abokin takararsa Aaron Burr, wanda aka nufa da kujerar mataimaki, shi ma 73 ya samu, doka kuma ba ta bambanta su ba. Magana ta koma majalisar wakilai, inda jam'iyyar da ta faɗi ke da rinjaye. Aka yi ta jefa ƙuri'a ba a rabu ba. Wasu suna shawarar a ja lokaci har wa'adi ya ƙare a naɗa nasu na riƙo. A jihohin Bajiniya da Fensilbaniya aka fara maganar shirya dakaru. Sai a zagaye na 36, ranar 17 ga Fabrairun 1801, Jefason ya fita. Hamilton, babban abokin hamayyarsa, yana cikin waɗanda suka matsa a ba shi, don a ganinsa gara maƙiyi mai aƙida da mutumin da ba ya da ita.

Ranar 4 ga Maris, tun kafin gari ya waye, Adams ya hau keken doki ya bar babban birni, bai tsaya bikin rantsuwa ba. Cikin fushi ya tafi, amma ya tafi. Jam'iyyar da ke riƙe da soja da baitulmali ta miƙa mulki ga wadda take ɗauka haɗari ga ƙasa. Daga nan suka gyara ɓarakar da kwaskwarimar kundi a 1804, ba su yaga kundin duka don ya ba su wahala sau ɗaya ba.

Mu sai a watan Afrilun 2021 zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki karo na farko, shekara 60 da ƴan kai bayan samun ƴanci, kuma a cikin jam'iyya guda. Irin gwajin 1800, inda mai mulki ya faɗi zaɓe ya miƙa wa ɗan adawa, har yau ba mu yi shi ba. Yaya za a ce abu ya gaza alhali ba a taɓa barinsa ya kai wurin gwajinsa ba?

ƘOFA TA BUƊE

Daga 1800 zuwa 1830 ƙasar ta canza. Mutane suka kwarara yamma, sababbin jihohi suka shigo, kuma don su jawo baƙi yawancinsu ba su sa sharaɗin dukiya kan ƙuri'a ba. A birane ma'aikata marasa fili suka yi yawa. Waɗanda suka je yaƙi da Ingila a 1812 suka dawo suna tambaya: jininmu ya isa, ƙuri'armu ce ba ta isa ba? Karyewar tattalin arziki ta 1819 ta koya wa talaka cewa abin da ake yankewa a majalisa kan banki da bashi yana shigowa har tukunyarsa. Jiha bayan jiha aka yi tarukan gyaran kundi ana sassauta sharaɗin. Ba kyauta aka ba su ba. Manya sun yi ta gargaɗin cewa in marar dukiya ya samu ƙuri'a zai cinye ta masu ita. A jihar Rhode Island sai da aka kai ga gwamnati biyu da ɗaukar makami a 1842 kafin a sassauta.

A zaɓen 1824 Janar Andiru Jakson, gwarzon yaƙin New Orleans, maraya da ya tashi cikin talauci, ya fi kowa ƙuri'a: wakilai 99, Jon Kwinsi Adams, ɗan tsohon shugaba, 84. Da yake ba wanda ya haye rabi, majalisa ta zaɓa, ta ba Adams da taimakon Henry Clay. Kwanaki kaɗan Adams ya naɗa Clay ministan harkokin waje. Mutanen Jakson suka ce ciniki aka yi. Ba su ɗauki bindiga ba, shekara huɗu suka yi suna shiri. Wani gwanin siyasa daga Niyok, Martin Van Buren, ya gina musu jam'iyya irin wadda muka sani yau: kwamiti a kowace gunduma, jaridu, mitin, gangami, gasa nama. A 1824 wajen kashi 27 cikin 100 na masu ikon zaɓe suka fito. A 1828 suka haura rabi, Jakson ya ci da rinjaye. A 1840 aka kai wajen kashi 80. Ranar rantsar da shi a 1829 talakawa suka cika fadar shugaban ƙasa da takalmansu masu taɓo, har sai da aka fitar da abin sha waje don a rage cunkoso.

Cikin shekara 40 shugabanci ya juya. Da, sai ka nuna ka fi jama'a asali da ilimi. Yanzu sai ka nuna kai ɗaya ne daga cikinsu, ko da ƙarya ne. A 1840 ƴan adawa suka tallata William Henry Harrison a matsayin talaka mai kwana a bukkar katako, alhali ɗan babban gida ne na Bajiniya. Suka ci da wannan.

MUTUMIN TALAKAWA DA WAƊANDA AKA BARI A WAJE

To, nan ne nake so mu buɗe ido sosai, don irin Jakson ne ya fi burge matashi: soja, mai zafi, mai zagin manya da bankuna, mai cewa shi ne muryar jama'a.

Da ya hau, ya sallami ma'aikata da dama ya sa nasa, ya ce kujerar gwamnati ba gadon kowa ba ce. Maganar na da daɗin ji, amma abin da ta haifa shi ne rabon ganima. Mutumin da ya naɗa shugaban kwastan na tashar jiragen ruwan Niyok, Samuel Swartwout, ya gudu Turai a 1838, aka tarar da giɓin fiye da dala miliyan 1. Cutar ta zauna musu shekara 50. Sai da wani mai neman muƙamin da bai samu ba ya harbe shugaba Garfield a 1881, sannan a 1883 aka kafa dokar ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa. Jakson ya hau kujerar na ƙi kan dokokin majalisa sau 12, fiye da duk shugabannin da suka gabace shi a haɗe, har ƴan adawa suka riƙa zana shi da kambin sarauta.

Sai maganar ƴan asalin ƙasar. Al'ummar Ceroki a Jojiya suna da rubutunsu, da jaridarsu, da kundin tsarin mulkinsu na 1827. Amma fararen masu ƙuri'a na son ƙasarsu don noman auduga, ga kuma zinariya da aka gano. A 1830 Jakson ya sa hannu kan dokar kwashe ƙabilun asali zuwa yammacin kogin Misisipi. Ceroki suka bi hanyar doka, a 1832 kotun ƙoli ta ce jihar Jojiya ba ta da iko a ƙasarsu. Hukuncin bai hana komai ba, don shugaban ƙasa ba ya tare da shi. A 1838 soja suka tasa su gaba, mutum wajen 16,000, kuma an ƙiyasta kusan 4,000 sun mutu da sanyi da yunwa da cuta. Masu rinjaye ne suka so haka, kuma da ƙuri'a suka so shi.

Ƙofar da ta buɗe wa farin talaka, a daidai lokacin ta rufe wa wasu. A Niyu Jasi mata masu dukiya da baƙaƙen fata ƴantattu suna zaɓe tun farkon ƙasar. A 1807 aka ƙwace. A Niyok, taron 1821 da ya sassauta wa farare ya ce baƙar fata sai ya mallaki dukiyar dala 250. Fensilbaniya ta hana su gaba ɗaya a 1838. Shi kansa Jakson, mutumin talakawa, bayinsa sun haura 100. Daga 1836 zuwa 1844 majalisar wakilai ta ƙi ko sauraren takardun koke kan bauta. Abin da suka ƙi tattaunawa da baki sai suka tattauna shi da bindiga: yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya ci rai fiye da 600,000. Mata ba su samu ƙuri'a a duk ƙasar ba sai 1920. Baƙaƙen fatan kudu, jikokin waɗanda aka kwasa daga wannan nahiya tamu, sai 1965 doka ta tsaya musu da gaske.

TO MU FA?

Na san abin da wani zai ce: halinsu daban, namu daban. Gaskiya ne. Teku ya raba su da manyan dauloli, sun yi arziki da ƙasar da suka ƙwace da gumin bayi, ba su gaji iyakoki da kuɗin da wani ya zana musu ba. Ba wanda ya ce mu kwafi tsarinsu, tsarin da har yau mai ƙarancin ƙuri'a kan iya zama shugaba. Kuma ban yarda da masu cewa "su ma sun ɗauki shekara 200, mu yi haƙuri" ba. Wannan haƙurin, bayi da Ceroki da mata ne suka biya kuɗinsa. Amfanin karanta tarihin wani shi ne ka tsallake ramin da ya faɗa.

Abin da na ɗauka shi ne, dimokuraɗiyya ba ta cikin jinin kowa. Waɗanda suka kafa Amurka tsoronta suke ji. Manoman da bashi ya ci, da editocin da aka ɗaure, da ƙungiyoyin da aka ce ba wanda ya aike su, da bayin da suka gudu suka hau mumbari, da matan da suka taru a Seneca Falls a 1848, su suka ƙwato ta kaɗan-kaɗan. Mu ma haka tamu ta zo. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, ba Nasara ne ya aike su ba. Matan da suka yi maci a Yamai ranar 13 ga Mayun 1991, don an kusa shirya babban taron ƙasa ba su, ba daga waje aka kawo su ba. Wanda ya ce wannan abu ba namu ba ne, ya je ya faɗa wa iyayen ɗaliban nan.

Kuma gaskiya ne farar hular da muka zaɓa sun ba mu kunya sau da yawa: sata, rabon muƙamai, ɗaure masu suka, sayen depitoci. Fushin matasa a kan wannan halal ne. Amma daga 1974 zuwa 2023 sau biyar soja na karɓar mulki a ƙasar nan, kowane karo da alkawarin gyara. In da sauya mutum ne maganin, da tuni mun warke.

Don haka duk wanda ke kan kujera, ko da kaki ko da babbar riga, ko muna ƙaunarsa ko ba ma ƙaunarsa, tambaya huɗu nake so mu riƙa yi masa. Yaushe za ka sauka, kuma wa ke da ikon sa ka sauka? In kotu ta ce maka a'a, za ka tsaya? Wanda ya soke ka yau, a gidansa zai kwana? Kuma cikin wannan "jama'a" da kake magana da sunanta, wa aka bari a waje: matar ƙauye, makiyayi, ɗan gudun hijira, wanda har yau ake kira da asalin bauta?

Ta ƙarshen nan ta fi wuya, don mu ma ta shafe mu. Talakawan Jakson ba mugaye ba ne a idon kansu, haƙƙinsu suke nema, kuma sun samu. Sai dai da suka shiga suka ja ƙofa. In mun yi fafutuka don muryar matashin birni mai waya a hannu kawai, ranar da muka samu shiga mu ma haka za mu yi.

Ku kai wannan magana fadodinku, ku yi musu a kanta, wanda ya ga inda na kauce ya gyara mini. Amma don Allah in an sake cewa dimokuraɗiyya rigar wasu ce, ku tambaya: wace riga, ta 1787 da aka ɗinka a ɗaki rufe, ko wadda talakawa suka yi ta farkewa suna ƙara mata ƙyalle har ta fara shigarsu?

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu shugabannin da suka san ranar sauka.